Zauren Kimiyya da Sana'a: An Gyara Inji Amma Ya Ƙi Zama Silo, Ina Matsalar Take?

 

Wannan makon za mu leƙa Illela ta Jihar Sakkwato, garin da ke bakin iyakarmu da Jamhuriyar Nijar, daf da Birnin Ƙonni. Wanda ya san Illela zai ce me ya haɗa ta da jirgin ruwa, garin da aka sani da kasuwar shanu da raƙuma? To, daga can ne wani ɗalibi ɗan aji biyar ya aiko mana da wasiƙa a kan injin kwale-kwale. Na daɗe ban samu tambayar da ta yi mini daɗi kamar tasa ba, domin ta tattaro kimiyyar da kuke karantawa a aji ta ajiye ta a tsakar gida.

Ga taƙaitaccen abin da ya rubuta:

"Malam, kawuna masunci ne. Asalinmu mutanen Kalmalo ne, amma da yake tafkin yana janyewa, yakan tafi madatsar ruwa ta Goronyo kamun kifi. Yana da tsohon injin jirgi mai ƙarfin doki 15. Ya kawo shi gida aka gyara: an wanke kafireto, an sa sababbin fulogai, an canza tiyon mai. Yanzu idan aka ja totur injin yana gudu lafiya lau, amma da an sake shi sai ya riƙa karkarwa yana tari, in an sa giya kuma ya mutu. Kafin gyaran ba ya haka. An ce wa Kawu sai ya sayi sabuwar kafireto, har ya yanke shawarar sayar da ragon da yake kiwo. Shin akwai abin da za mu duba kafin a kai ragon kasuwa?"

Na amsa masa, muka yi ta magana ta waya har tsawon mako guda. Na ce masa ya nemi littafin rubutu guda, duk abin da aka gwada ya rubuta, da abin da ya biyo baya. Abin da ke tafe daga littafin nan nasa ya fito, da izininsa.

Mene ne silo, kuma me ya sa yake da muhimmanci?

Silo shi ne yadda kanikawa ke kiran juyin da inji ke yi a hankali idan an tayar da shi ba a taɓa totur ba. A ƙananan injinan jirgi, yakan kama daga kusan juyi 700 zuwa 1,000 a minti guda, gwargwadon ƙirar injin. Ku ɗauki 900 ku raba da 60: juyi 15 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Wannan shi ne "a hankali" a wurin inji.

A babur, idan silo ya lalace, mutum zai sa ƙafa a ƙasa ya sake bugawa. A ruwa babu inda za a sa ƙafa, kuma jirgi ba shi da birki. Matuƙi yana rage gudu ne lokacin da zai matso gaɓa, ko zai kewaye raga, ko zai kauce wa kututture. Wato daidai lokacin da ya fi bukatar injin ya saurare shi, lokacin ne inji mai mummunan silo yake mutuwa, iska ko igiyar ruwa ta juya jirgin yadda ta so. Ba mu manta da jirgin da ya kife da mutanen da ke kan hanyar zuwa kasuwar Goronyo a watan Agustan 2025 ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Haɗarin ruwa yana da dalilai da yawa, amma duk wanda ke shiga jirgi ya san ba a wasa da lafiyar inji.

Abubuwa uku da kowane injin fetur ke bukata

Kowane injin fetur, har da na babur ɗin da ya kawo ku makaranta yau, yana bukatar abubuwa uku:

Na ɗaya, haɗin fetur da iska daidai gwargwado.
Na biyu, matsi, wato fistin ya danne haɗin nan a cikin silinda ba tare da ya zurare ba.
Na uku, tartsatsin wuta daga fulogi a daidai lokacin da ya kamata.

Idan inji yana karkarwa, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya samu tangarɗa. Aikin mai bincike shi ne ya gano wanne.

Injin Kawu mai bugu biyu ne. Ma'ana, fistin ya hau sau ɗaya ya sauka sau ɗaya, an gama zagaye, wuta ta tashi. Yawancin baburan da kuke gani yanzu da injinan ban ruwa na fadama masu bugu huɗu ne, suna da wurin zuba baƙin mai daban. Shi mai bugu biyu, a cikin fetur ake zuba masa nasa man na musamman. Da yawa daga cikinsu ana haɗa kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai, wato tanki mai lita 25 zai ci rabin lita. Wasu tsofaffin ƙira sun fi haka shan mai, don haka abin da kamfani ya rubuta shi ake bi.

Game da iska kuwa, malaman kimiyyar sinadarai sun auna cewa kafin giram 1 na fetur ya ƙone sarai, yana bukatar kusan giram 14.7 na iska. Lita ɗaya ta fetur tana da nauyin kusan giram 740. Idan kuka yi lissafi za ku ga tana bukatar iska kusan lita 9,000, wato cikin duro 45 na lita 200. Kafireto ita ce mai wannan awo. Idan fetur ya yi yawa, inji ya riƙa baƙin hayaƙi yana shaƙewa. Idan iska ta yi yawa, ya riƙa tari yana neman mutuwa.

Doka ta farko: a dubi inda aka yi tuntuɓe

Hausawa suna cewa a bar duban inda aka faɗi, a dubi inda aka yi tuntuɓe. Jumla mafi daraja a wasiƙar ɗalibinmu ita ce: "Kafin gyaran ba ya haka." Idan cuta ta zo bayan gyara, abin da hannu ya taɓa shi ne abin zargi na farko. Don haka na ce ya rubuta jerin duk abin da aka kwance: tiyon mai, fulogai biyu, kafireto. Abubuwa uku kacal.

Doka ta biyu: a fara da abin da ba ya cin kuɗi. Doka ta uku: a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a tayar da inji, a rubuta sakamako. Wanda ya canza abu huɗu a tare, ko injin ya gyaru bai san wanne ya gyara shi ba. Wannan ita ce ƙa'idar da malaminku na kimiyya yake nufi idan ya ce a gwaji ana sauya abu ɗaya ne a bar sauran yadda suke.

Sai da ɗalibin ya fara shawo kan Kawu. Ya ce masa, "Kawu, don Allah a dakata da ragon nan har Lahadi ta sama." Kawu ya dube shi ya ce, "Kai yaro, mi kas sani ga inji? Wanga inji ya girme ka." Amma da ya ga littafin da jerin abubuwan da aka rubuta, sai ya yi dariya ya ce a gwada, ai rago ba ya ruɓewa.

Suka ɗaura injin a bakin duro cike da ruwa, har ruwan ya rufe ƙafar injin sosai. Ku riƙe wannan: ba a tayar da injin jirgi a busasshe. A cikin ƙafarsa akwai ɗan famfo na roba da ke tura ruwa ya sanyaya injin, kuma idan ya juya babu ruwa, cikin ɗan lokaci kaɗan zai ƙone. Da an tayar kuma, a duba ɗan siririn ruwan da ke tsartuwa ta baya. Shi ne shaidar cewa famfon yana aiki.

Mataki na ɗaya: fetur da hanyarsa

Mutanen garuruwan iyaka sun san wahalar mai. A watan Nuwamban 2019 an hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sannan bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Mutane da yawa a jarka da kwalba suke saye a wurin 'yan bumburutu. Jarkar da ta kwana a buɗe tana iya ɗaukar ƙura ko ruwa ba tare da mai ita ma ya sani ba.

Gwajin mai sauƙi ne. Kawu ya tsiyayi fetur daga ƙasan tanki a farar kwalba, aka ajiye a inuwa na minti goma. Ruwa ya fi fetur nauyi kuma ba sa gauraya, saboda haka idan akwai shi zai kwanta a ƙasa. Sun ga 'yan ɗigo kaɗan. Aka juye tankin, aka zuba sabon fetur da aka auna mansa daidai.

Daga nan suka bi tiyo. A tsakiyarsa akwai wata roba mai kama da ƙwai da ake matsawa don tura mai, kuma a jikinta akwai alamar kibiya. Dole kibiyar ta dubi inji. Tana daidai. Suka duba ɗan sukurun da ke kan murfin tanki, wanda ake sassautawa don iska ta shiga. Idan an manta shi a ɗaure, mai yana fita babu iskar da ke maye gurbinsa, matsin cikin tanki ya ragu, man ya daina tafiya. Shi ma a buɗe yake.

Aka tayar. Ɗalibin ya rubuta: "Tarin ya ɗan ragu, amma karkarwa tana nan. An sa giya, ya mutu." Ruwan da aka samu matsala ce, sai dai ba ita ce babbar ba. Nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu: sun ga laifi ɗaya sai su rufe bincike.

Mataki na biyu: fulogi yana ba da labari

Fulogi shi kaɗai ne abin da ke zaune a cikin wutar inji wanda za a iya ciro shi cikin sauƙi a tambaye shi abin da ya gani. Launin bakinsa shi ne amsarsa:

Ruwan ƙasa-ƙasa kamar toyayyar gyaɗa: haɗin yana daidai.
Baƙi mai kunkunniya: fetur ko mai ya yi yawa, ko wuta ba ta da ƙarfi.
Fari-fari a bushe: iska ta yi yawa, fetur ya yi kaɗan.
Jiƙe sharkaf da fetur: silindar ba ta kama wuta.

Injin Kawu silinda biyu gare shi, fulogi biyu, amma kafireto ɗaya ce ke ciyar da su duka. A nan hankali yake aiki. Da a ce fulogi ɗaya ne ya bambanta da ɗan'uwansa, da sai mu zargi abin da ya keɓanta da wannan silindar: wayarta, koyil ɗinta, ko ringinta. Idan kuwa duka biyun sun nuna alama iri ɗaya, to laifin yana wurin abin da suka yi tarayya a kai.

Bayan injin ya yi aiki na ɗan lokaci ya huce, aka ciro su. Duka biyun fari-fari ne. Lambar da ke jikinsu ta yi daidai da ta tsofaffin da aka cire, hulunansu kuma sun zauna daram. Ɗalibin ya rubuta: "Ba wuta ba ce. Abin da suka haɗa ne. Kafireto ko kusa da ita."

Matsi fa? Kanikawa suna da agogon auna shi, kuma abin da ake so shi ne silindu biyun kada su bambanta da fiye da kusan kashi 10 cikin 100. Babu agogon a kusa, amma injin yana tashi da ja ɗaya ko biyu, igiyar tana da nauyi a hannu kamar da, kuma ba a buɗe kan injin ba a lokacin gyara. Saboda haka aka ajiye wannan zargi a ƙarshen layi.

Mataki na uku: gwajin cok

Cok wani ɗan faifai ne a bakin kafireto da ke rage iskar da ke shiga, don haɗin ya yi kauri lokacin da inji yake da sanyi. Amma yana da wani amfanin: ma'auni ne na kyauta. Idan inji ya yi zafi yana karkarwa a silo, a ja cok kaɗan. In ya ƙara shaƙewa, fetur ya riga ya yi yawa. In ya lafa ya daidaita, to da ma iska ce ta yi masa yawa.

Kawu ya ja cok kaɗan. Nan take injin ya daina tari, sautinsa ya miƙe. Ya mayar, karkarwa ta dawo. Suka maimaita sau uku don kada a ce dace ne. Shaida biyu ke nan sun haɗu a kan magana ɗaya: launin fulogi da gwajin cok.

Me ya sa yake gudu lafiya amma ya kasa silo?

Wannan ita ce tambayar da ta ɗaure wa kowa kai a gidan, kuma amsarta tana cikin ƙirar kafireto. Maƙogwaron kafireto yana da wuri matsattse a tsakiya. Idan iska ta bi ta matsattsen wuri gudunta yana ƙaruwa, matsinta ya ragu, sai ta tsotso fetur daga ɗan kwanon da ke ƙasa. Wani masani ɗan Italiya mai suna Giovanni Battista Venturi ne ya bayyana wannan a 1797, shi ya sa wurin yake ɗauke da sunansa har yau.

Amma a silo faifan totur kusan a rufe yake, iskar da ke wucewa ba ta isa ta tsotso mai ta babbar hanya ba. Don haka maƙera suka yi wata ƙaramar hanya daban ta silo, mai jet ɗinta, wanda raminsa a ƙananan injina bai fi rabin milimita ba. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe shi. Ku tuna kuma yawancin injinan jirgi ba su da matatar iska irin ta babur, domin an ƙera su ne don kan ruwa inda babu ƙura. Kwance kafiretonsu a ƙasa a bakin titi, musamman lokacin hunturu, neman magana ne.

Tunda injin yana gudu lafiya, babbar hanya a buɗe take. Saura zargi biyu: ko ƙaramar hanyar silo ta toshe, ko iska tana satar shiga ta wani wuri bayan kafireto, inda ba a auna ta.

Ga misali da lambobi na ƙirƙira don a fahimta. A ce a silo inji yana shan mudu 10 na iska, ɓaraka kuma tana ƙara mudu 2. Ƙarin kashi 20 cikin 100 ke nan, haɗin ya lalace. A cikakken gudu kuwa a ce yana shan mudu 200. Mudu 2 ɗin nan kashi 1 cikin 100 ne kawai, injin ba zai ma ji ba. Ƙari a kan haka, lokacin da faifan totur yake rufe ne tsotson da ke bayansa ya fi ƙarfi, don haka a silo ɓaraka ta fi shan iska.

Abin da aka gano

Suka koma wurin bakaniken da ya yi aikin, mutumin da ya shekara da shekaru yana gyaran babura. Na gargaɗi ɗalibin da kada ya je da sigar tuhuma. Ya gaishe shi, ya ce, "Oga, don Allah ga abin da muka gwada, ko za ka duba mana?" Bakaniken ya karanta littafin shafi-shafi, ya yi shiru, sannan ya ɗauko sifana.

Tsakanin kafireto da jikin inji akwai wata 'yar takarda mai kauri da ake kira gasket, aikinta ta toshe duk wata kafa. Da aka cire kafireton sai ga ta a tsage ta gefe guda. Tsohuwar ce aka mayar, domin ranar babu sabuwa a kusa, kuma ta bushe saboda shekaru, wajen ɓamɓarowa ta dare. Bakaniken bai yi musu ba. Ya ce ya ga tsagar a lokacin, ya ɗauka in an ɗaure noti za ta haɗe.

Ya kuma faɗi wani abu da kansa: lokacin wanki ya kwance sukurun daidaita silo bai ƙirga juyinsa ba. Ƙa'ida ita ce, kafin a cire shi a murɗa shi ciki a hankali har ya taɓa, ana ƙirgawa, a rubuta, don a mayar da shi inda yake. A injina da yawa yakan kasance wajen juyi ɗaya da rabi daga rufe, amma kowane inji da nasa. Ba a kuma ɗaure shi da ƙarfi, domin bakinsa siriri ne kamar allura.

Aka aika Sakkwato aka samo sabon gasket, kuɗinsa bai kai na kaza ba. Bakaniken ya shimfiɗa tsumma mai tsabta a kan benci, ya sake wanke jet ɗin silo, ya ɗaga shi sama ya ga haske ta cikinsa. Bai zura masa waya ko allura ba, domin hakan yana faɗaɗa ramin ya ɓata awo har abada. Ya ɗaure notocin biyu bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, don gasket ɗin ya kwanta daidai. Aka tayar, injin ya zauna. Bai karɓi ko kwabo na wannan aikin ba.

Saura abu ɗaya. Injin jirgi ta ƙarƙashin ruwa yake fitar da hayaƙinsa, kuma farfela tana da nauyin turawa idan tana cikin ruwa. Silon da aka daidaita a firi a cikin duro yana iya yin ƙasa da yawa idan aka sa giya a kan tafki. Saboda haka daidaitawar ƙarshe sai da Kawu ya koma Goronyo, injin ya yi zafi, jirgi yana ɗaure a gaɓa, ya ƙara sukurun totur kaɗan har ya ga ana sa giya ba ya mutuwa. Saƙon da ɗalibin ya turo mini daga baya gajere ne: "Malam, inji lafiya. Rago yana nan."

Da an sayi sabuwar kafireto aka ɗaura ta a kan tsagaggen gasket ɗin nan, da karkarwar tana nan, ragon kuma ya tafi.

Wannan ilimi bai tsaya a jirgi ba

Na san yawancinku ba ku da kwale-kwale a gida. Amma akwai janareta, akwai babur, akwai injin ban ruwa da ake shayar da albasa da tumatir a fadamun Kalmalo da na bakin Gulbin Rima, akwai injin markaɗe. Duk mai amfani da fetur da kafireto, tambayoyin iri ɗaya ne: Yaushe abin ya fara? Me aka taɓa? Man yana da tsabta? Me fulogi ya ce? Me cok ya ce? Idan janareta yana hawa yana sauka shi kaɗai, kuma ya lafa in an ja cok rabi, yanzu kun san inda za ku fara zargi.

'Yan mata, wannan zance har da ku. Abin da ya warware matsalar nan littafi ne da biro da kyakkyawan tunani, kuma babu wanda aka hana su. Duk mai sha'awar wannan fanni, akwai kwalejojin fasaha da jarrabawar NABTEB, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi a Sakkwato, akwai kuma garejin unguwa lokacin hutu idan iyaye sun amince.

Gargaɗi

Kada ɗayanku ya taɓa inji sai da izini kuma a gaban babba. Ɗalibinmu rubutu da lura ya yi, Kawu da bakanike ne suka riƙe kayan aiki.
Ba a kusantar fetur da ashana, taba, fitilar kwai ko murhu. Tururinsa ma yana kama wuta.
Ba a tsotsar fetur da baki.
Ba a taɓa wayar fulogi inji yana aiki, wutar da ke cikinta ta kai dubban bolt.
A nisanci farfela, ko da injin yana firi. A tattare babbar riga da gyale.
Ba a tayar da inji ko janareta a cikin ɗaki ko zaure a rufe. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar launi marar wari da ke kashe mutane cikin barci.
Mai shiga jirgi ya sa rigar kariya, a tafi da filafili ko da inji sabo ne, kuma kada a yi lodi fiye da ƙima.

Gwajin gida

Ku sami tsinken shan lemo da kofin ruwa. Ku tsotsa, ku ji yadda ruwa ke hawa. Sannan ku huda tsinken da allura a saman inda ruwa ya tsaya, ku sake tsotsa a hankali. Me kuka lura? Ku toshe hudar da yatsa ku sake gwadawa. Abin da tsagaggen gasket ya yi wa injin Kawu ke nan.

Tambayoyin mako

1. Inji yana bukatar haɗin kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai. Mililita nawa na mai za a zuba a lita 12 ta fetur?
2. Inji mai silinda biyu yana juyi 900 a minti. Idan kowane fulogi yana ba da wuta sau ɗaya a kowane juyi, tartsatsi nawa fulogan biyu za su bayar a minti 5?
3. An ciro fulogai biyu daga inji mai kafireto ɗaya. Na sama ruwan ƙasa-ƙasa ne, na ƙasa kuma jiƙe yake da fetur. Ina za ku fara dubawa, kuma me ya sa?

Ku aiko da amsoshinku tare da suna, aji da sunan makaranta. Za mu buga sunayen waɗanda suka dace, musamman wanda ya fi kyautata bayani a tambaya ta uku. Ina kuma jiran wasiƙunku a kan duk wani abu da ya ƙi aiki a gida ko a makaranta. Ku dai tabbata kun rubuta yaushe ya fara da abin da aka taɓa kafin ya fara.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A yi karatu lafiya.